Darajar Ma'aikaci: Nazari a kan Wasiƙar Laborem Exercens

Ran 14 ga Satumba 1981 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa hannu a kan wata doguwar wasiƙa wadda ta yi magana a kan aikin ɗan Adam. Sunanta da harshen Latin Laborem Exercens, gama al'adar Roma ce a kira irin wannan wasiƙa da kalmominta na farko. An shirya fitar da ita tun ran 15 ga Mayu na wannan shekara, domin cikar shekara 90 da wasiƙar Rerum Novarum, wadda Paparoma Leo na 13 ya rubuta a 1891 a kan halin da ma'aikata suke ciki. Amma ran 13 ga Mayu aka harbe shi a dandalin Bitrus Mai Tsarki, sai bayan da ya fito daga asibiti ya gama gyaranta.

An rubuta wasiƙar zuwa ga shugabanni da masu bi na Katolika, da kuma dukan mutane masu kyakkyawar niyya. Saboda haka Kirista na kowace ɗariƙa yana iya karanta ta, ya gwada ta da Littafi Mai Tsarki kamar yadda mutanen Biriya suka gwada wa'azin Bulus (Ayyukan Manzanni 17:11). Wanda ya yi haka zai ga abu biyu. Ma'aunin da wasiƙar ta kafa don auna darajar aiki daidai yake, yana kuma tsaye a kan Maganar Allah. Magungunan da ta bayar kuwa an haɗa su ne domin mai karɓar albashi, alhali yawancin masu aiki a Nijar, da Cadi, da arewacin Kamaru, da zangunan Gana ba su taɓa karɓar albashi ba.

Mutumin da Ya Rubuta Ta

An haifi Karol Wojtyla a ƙasar Polan a 1920. Sa'ad da sojojin Jamus suka mamaye ƙasar a 1939, suka rufe jami'ar da yake karatu a birnin Krakow. Daga 1940 ya shiga aikin ƙarfi a wurin fasa dutse, daga baya kuma a masana'antar sinadarai ta Solvay, har zuwa 1944. Ya san sanyin asuba a bakin aiki, ya kuma san ciwon baya. Ana jin wannan a cikin wasiƙar, musamman inda yake lissafta masu shan wahala: manoma, da masu haƙar ma'adinai, da masu narkar da ƙarfe, da magina, da masu jiyya, da matan da suke ɗauke da nauyin gida ba mai gode musu.

Lokacin da aka rubuta ta ma yana da muhimmanci. A watan Agusta 1980 ma'aikatan ƙera jiragen ruwa a Gdansk suka yi yajin aiki a ƙarƙashin jagorancin Lech Walesa, har gwamnatin gurguzu ta yarda su kafa ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta. Kafin shekara ta kewayo ƙungiyar Solidarnosc ta tara mutum wajen miliyan 10. Wata uku bayan fitowar wasiƙar, ran 13 ga Disamba 1981, gwamnati ta kafa dokar soja ta kama shugabannin ƙungiyar. Ashe idon marubucin yana kan masana'anta, da kamfani, da gardamar da take tsakanin jari-hujja da gurguzu. Can ƙarfin wasiƙar ya fito, can kuma iyakarta take.

Ma'aunin da Ta Kafa

Wasiƙar tana da sashe 27, amma dukansu a kan ginshiƙi guda suke tsaye. Ta ce kowane aiki yana da fuska biyu. Ta farko ita ce abin da aka yi da kayan da aka yi shi da su: damin gero, ko takalmi, ko mota, ko littafi. Ta biyu ita ce mai yin aikin. Fuska ta farko tana da hawa hawa, gama kasuwa ba ta sayen tabarma da kuɗin agogo. Amma fuska ta biyu ba ta sākewa, domin mai saƙa tabarma da mai haɗa agogo dukansu cikin siffar Allah aka halicce su. Wasiƙar ta nace cewa daga fuska ta biyu darajar aiki take fitowa. Wato tambayar farko ita ce wa yake yin aikin, kafin a tambayi irin aikin.

Wannan koyarwa tana da gindi a cikin Littafi Mai Tsarki. A Farawa 2:15 Allah ya ba Adamu noman gonar Aidan da tsaronta tun zunubi bai shigo ba. Abin da faɗuwa ta kawo shi ne ƙaya da gumi (Farawa 3:17-19), amma aikin kansa kyauta ce tun daga farko. Mutanen Nazarat sun san Yesu a kan shi masassaƙi ne (Markus 6:3), kuma shekarun da ya yi da gizago a hannu sun fi shekarun wa'azinsa yawa nesa. Bulus kuwa maɗinkin alfarwa ne (Ayyukan Manzanni 18:3). Wasiƙar ta tuna cewa mutanen zamanin dā sun ɗauki aikin hannu a kan rabon bayi, bishara ce ta rushe wannan tunani.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya bukatar a kai shi Roma ta dā kafin ya gane wannan magana. Bahaushe yana yabon sana'a, yana cewa babu maraya sai rago, amma kuma ya jera sana'o'i sama da ƙasa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya nuna yadda sarauta da malanta da fatauci suke sama, fawa da kiɗa da roƙo suke ƙasa, ɗa kuma yakan gāji matsayin ubansa tare da sana'arsa. Kowa yana cin naman mahauci, amma akwai gidajen da ba za su ba ɗansa aure ba. Zuwan boko ya ƙara wani tsani a kan na dā. Yaro ya yi shekara shida a lakkol, sai ya ga fartanya ta yi masa ƙanƙanta, makarantun mishan ma ba su kuɓuta daga wannan laifi ba. A nan ma'aunin wasiƙar yana yanka kamar aska. Idan darajar aiki daga mutum take, to, majemi da magatakarda kujera ɗaya ta kamace su a ɗakin sujada.

Daga wannan ginshiƙi wasiƙar ta ciro wata ƙa'ida, cewa aiki yana gaba da jari. Inji, da gini, da kuɗin da yake banki, duk gumin waɗansu mutane ne da ya taru. Bai kamata abin da hannu ya yi ya zama ubangidan hannun ba. Da wannan ta soki jari-hujja mai lissafta ma'aikaci cikin kayan da ake saye, ta kuma soki gurguzu wanda ya ƙwace masana'anta daga attajiri ya danƙa wa 'yan jam'iyya, ma'aikaci yana nan inda yake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maigidan da Ba a Gani

Sashen da ya fi amfani ga ƙasashe matalauta shi ne na 17. A can wasiƙar ta bambanta maigida iri biyu. Akwai wanda ma'aikaci ya yi yarjejeniya da shi ido da ido. Akwai kuma maigidan bayan fage, wato gwamnati, da dokoki, da yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe, da manyan kamfanoni masu tsawwala kuɗin kayansu suna karya na ɗanyen kayan da suke saye. Wannan maigida na biyu bai san sunan ma'aikaci ba, amma shi yake yanke yawan abin da zai shiga tukunyarsa.

Tarihin Nijar ya gaskata wannan. Kamfanin Somair ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, na Cominak kuma a Akouta a 1978. Da farashin ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980, baitulmalin ƙasa ya girgiza, malamin makaranta a Tawa da ma'aikacin asibiti a Damagaram suka ji a jikinsu, ko da yake ba su taɓa ganin ramin ba. Da aka rufe Cominak ran 31 ga Maris 2021, ba a cikin unguwannin ma'aikata aka yanke shawarar ba. Haka kuma a watan Janairu 1994, a wani taro a Dakar, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Ma'aikaci a Maraɗi, ko Garwa, ko Njamena ya kwana da albashinsa ya tashi da shi, amma maganin asibiti da sauran kayan waje sun fi ƙarfinsa. Maigidansa na zahiri bai rage masa ko dala ba. Wasiƙar ta ba wannan abu suna shekara 13 kafin ya faru, ta kuma ce maigidan bayan fage ma yana da alhaki. Ya kamata a yaba mata a kan wannan.

Sashe na 23 ma ya dace da 'yan cin rani. Ya ce mutum yana da iko ya bar ƙasarsa don neman abinci, kuma kada a biya baƙo ƙasa da ɗan gari saboda an ga ba shi da mafita. Saurayin da ya bar Adar bayan kaka ya tafi dako a Kumasi, ko gadi a Legas, ko gini a Libiya, da shi ake.

Inda Rigar Ta Kasa

Sa'ad da wasiƙar ta zo kan abin da za a yi, sai ta ce albashin adalci shi ne babban abin da ake gane tsarin ƙasa da shi. Ta jera hutun mako, da fansho, da kula da lafiya, da ƙungiyar ƙwadago, da yajin aiki idan an rasa wata hanya. Dukansu abubuwa ne masu kyau. Amma riga ce da aka ɗinka wa mai aikin wata.

Manomi na farko. Gaskiya ne sashe na 21 ya girmama aikin gona, ya kuma yi kuka a kan talakawan da masu manyan filaye suke ci da guminsu. Wannan hoto ya fi kama da Amurka ta Kudu. Manomin Gobir ko Katsinar Maraɗi galibi yana da 'yar gonarsa ta gādo. Abin da yake cinye shi dabam ne: gonar da take ƙanƙancewa kowane rabon gādo, da ruwan da ba shi da tabbas, da bashin da ya ci da damina zai biya da kaka. Yana sayar da gero da arha sa'ad da kowa yake sayarwa, ya komo ya sayi geron nan da tsada sa'ad da rumbu ya ƙare. Ba shi da wanda zai yi wa yaji, damina kuwa ba ta jira. Adalci a gare shi yana cikin mudu, da farashi, da ruwan bashi, da bankin hatsi na ƙauye, wasiƙar kuwa ba ta sauko har nan ba.

Mace ta biyu. Sashe na 19 ya nemi a biya magidanci albashin da zai ishi iyalinsa, domin kada talauci ya tilasta wa uwa barin 'ya'yanta ta tafi neman aiki. Niyyar mai kyau ce, wasiƙar kuma ta ce kada a nuna wa mata bambanci a wurin aiki. Amma tana zaton mace tana da zaɓi tsakanin gida da ofis. Macen ƙauye ba a ba ta wannan zaɓi ba. Tana ɗebo ruwa, ta yi surfe da daka, ta je itace, ta yi noma a gandu da gamanarta, ta kuma toya ƙuli-ƙuli don kuɗin sabulu, duk da goyo a baya. Tambayoyinta su ne, wa yake riƙe da abin da ta samo, yaushe take hutawa, kuma in mijin ya rasu za a bar mata gonar? Macen da aka yaba a Karin Magana 31 tana sayen gona, tana ciniki, tana sarrafa ribarta. Ta fi kusa da macen ƙauye fiye da hoton da yake cikin wasiƙar.

Yaro na uku. Wasiƙar Leo ta 1891 ta yi gargaɗi kada a sa yara aikin masana'anta tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba, amma ta 1981 ba ta keɓe wa yara sashe ba. Ga shi kuwa a biranen nan akwai 'yar aiki da aka ɗauko daga ƙauye, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, kuɗinta kuma a hannun wadda ta kawo ta yake faɗawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya mai lamba 182 a kan munanan ayyukan yara a 1999, da mai lamba 189 a kan masu aikin gida a 2011. Doka ta huɗu ta riga su tun a Sina'i, inda aka sa bawa da baiwa cikin waɗanda hutun Asabar ya wajaba a ba su (Fitowa 20:10).

Bawa na huɗu. Wasiƙar ta ambaci bayi sa'ad da take maganar zamanin dā. A Nijar sai a 2003 aka yi dokar da ta mai da bautar da mutum laifin da ake hukuntawa. Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000, ta kai ƙara gaban kotun ƙasashen Afirka ta Yamma. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnati ta kāsa kāre ta, ta kuma umarta a biya ta sefa miliyan 10. Ga mai irin wannan hali, maganar albashi tana nesa. Abin da ake fara nema shi ne a yarda ita mutum ce.

A wuraren nan huɗu magungunan wasiƙar ba su kai ba, amma ma'auninta ya kai. Tambayar nan ta wa yake yin aikin tana shiga gona, da madafi, da gidan da ake riƙe da baiwa, ko da babu takardar albashi a can. Mai karatu ne zai ɗauki ma'aunin ya kai shi inda marubucin bai taka ba.

Sukar Masu Tauhidi

Akwai wata suka kuma daga wajen masu nazarin tauhidi. Wasiƙar ta koyar cewa ta wurin aiki mutum yana tarayya da Mahalicci cikin aikinsa, yana kuma ƙara cika mutum. Stanley Hauerwas, wani malami ɗan Amurka, ya rubuta a 1983 cewa wannan ya ɗaga aiki fiye da inda Littafi Mai Tsarki ya ajiye shi. A ganinsa Allah ya gama halittarsa ya huta, yawancin aiki kuma neman abinci ne kawai, ba ya bukatar a shafa masa zuma. Akwai gaskiya a nan. Wanda yake yashe masai, ko yake fasa dutse a rana, ya fi bukatar a rage masa wahala a ƙara masa lada da a ce masa yana taya Allah halitta. Akwai kuma haɗari: idan aiki ne yake cika mutum, ina matsayin tsohuwar da ta kāsa, da kuturun da ba shi da yatsu, da saurayin da ya nemi aiki ya rasa?

Wasiƙar tana da amsa, ko da yake ba kullum take riƙe da ita sosai ba. Ta ce mutum ne yake ba aiki daraja, sashe na 22 kuma ya tsaya a kan cikakken haƙƙin naƙasassu. Sai dai ya kamata Kirista ya ƙara da babbar murya cewa ceto ta wurin alheri yake, ba ladan aiki ba ne (Afisawa 2:8-9). Darajar mutum tana nan tun bai ɗauki fartanya ba, tana nan kuma bayan ya ajiye ta.

Ikkilisiya a Gaban Ma'aunin

Babban giɓin da yake cikin wasiƙar shi ne, ba ta keɓe sashe a kan ikkilisiya a matsayin mai ɗaukar ma'aikata ba. Taron bishop-bishop na 1971 a Roma ya riga ya faɗa cewa mai yi wa mutane maganar adalci dole shi kansa ya fara zama mai adalci, masu yi wa ikkilisiya hidima kuma a ba su abin da zai ishe su. Da wasiƙar ta ɗora a kan wannan, da ta fi ƙarfi.

Gama ikkilisiya maigida ce. Tana da mai bishara a ƙauye, da katikis, da malamin makaranta, da mai gadi, da mai shara, da mai dafa abinci. Akwai kuma matar fasto, wadda take aikin mutum guda cur ba a taɓa sa ta cikin lissafi ba. Sau da yawa in ɗayansu ya buɗe baki a kan kuɗin da ya makara wata uku, sai a ce masa ai aikin Ubangiji ne, ladansa yana sama. A wannan lokaci kuwa ana tara kuɗin sabon gini. Wannan shi ne sa jari gaba da ma'aikaci, ko da an rubuta aya a bangon ginin. Bulus ya bar haƙƙinsa na cin abinci daga bishara da yardar ransa, amma sai da ya tabbatar haƙƙin nasa ne (1 Korantiyawa 9). Sadaukarwar da mutum ya yi da kansa hadaya ce. Wadda aka yi masa dole ƙwace ce. Irmiya 22:13 ya yi kaito ga mai gina bene da gumin maƙwabcinsa ba lada, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan masu girbi da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji.

Laborem Exercens wasiƙa ce mai nauyin harshe, tana yawan maimaita magana, kuma an rubuta ta da idon Turai. Duk da haka ta cancanci a karanta ta a makarantun Littafi Mai Tsarki da taron dattawa, Katolika da waɗanda ba Katolika ba. Dattawan da suka karanta za su iya fara gwajin daga littafin kuɗinsu: nawa ake ba mai gadi, yaushe aka biya mai bishara, wa zai riƙe shi in ya tsufa. Magidanci kuma ya duba gidansa: shekarar 'yar aikin nawa, tana zuwa makaranta, tana samun hutun Lahadi, a hannun wa kuɗinta yake shiga. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta umarta a biya ɗan ƙwadago, ɗan ƙasa ko baƙo, a ranar da ya yi aikin, kafin rana ta faɗi, domin shi matalauci ne, a kan ladan nan ya sa zuciyarsa. Ikkilisiyar da ta kiyaye wannan a harabarta za ta sami bakin yi wa kamfani da gwamnati magana.